Mai tsaron kuran ba abokin gaba ba ne

Duk sa'ad da wutar lantarki ta ɗauke cikin zafin bazara, a Yamai, ko Maradi, ko Damagaram, magana guda ce ke fitowa bakin jama'a: an yanke kuran! Fushin yana da dalili, domin injin niƙa ya tsaya, maganin da ke cikin firijin gidan likita kuma yana neman lalacewa. Amma ya kamata a rarrabe yankewar da ƙarancin wuta ke jawowa da yankewar da ke ceton dukiya da rayuka.

Tun 1976 aka haɗa Yamai da Birnin Kabi, cikin Najeriya, da layi mai ƙarfin bolt 132.000. A 1994 wani layin ya taso daga Katsina zuwa Gazawa, ya rabu zuwa Maradi da Damagaram. Waɗannan wayoyi suna ratsa daji mai nisa, inda tsawa da iskar damina da reshen itace ke iya haɗa waya da waya, ko waya da ƙasa. In haka ta faru, wuta tana kwarara ninkin-ba-ninkin abin da aka tsara, kuma kafin mutum ya miƙa hannu, taransufo ya ƙone.

Saboda haka aka girka masu tsaro a kowace tasha. Wata na'ura da ma'aikata ke kira rele tana awon wuta dare da rana. Da ta ga awon ya wuce iyaka, sai ta umurci babban makunni ya buɗe layin, cikin ƙasa da daƙiƙa guda. Sau da yawa aibin mai wucewa ne, sai makunnin ya sāke rufewa da kansa, wuta ta komo.

Tsarin yana bin tsani, kamar yadda shari'a ke tashi daga mai gari zuwa sarki. Mai tsaron da ya fi kusa da aibin shi ne ya kamata ya fara yankewa: na gida kafin na unguwa, na unguwa kafin na gari. Ta haka duhu ke tsayawa wuri kaɗan.

Nan ne laifin wasu magidanta da ƴan kasuwa yake. In makunnin da ke kusa da kontar ya yawaita faɗuwa, maimakon su binciki dalili, sai su kira mai gyara ya tsallake shi da guntun waya. Wanda ya yi haka ya kori mai gadi don ya hana shi barci. Ranar da waya ta yi zafi, ba abin da zai yanke ta: ko shago ya kama wuta, ko taransufon unguwa ya faɗi, maƙwabta su biya bashin da ba su ci ba.

Hukumomi ma suna da nasu nauyi. An buɗe tashar hasken rana ta Malbaza a 2018, da ta Goru Banda a 2023. Kowace sabuwar tasha tana sauya hanyar da wuta ke bi, don haka tilas a sāke daidaita awon masu tsaro. Wanga aiki ba a yi masa bikin yanke ƙyalle, shi ya sa yake da saurin mantuwa wajen kasafin kuɗi. Ya kamata a ware masa rabonsa: a gwada na'urorin bisa ƙa'ida, a sauya baturan tashoshi da suka tsufa, a horar da matasan ƙasa su ƙware a kansa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Magidanci ya bar makunninsa yadda aka girka shi, hukuma kuma ta biya kuɗin tsaro kafin ta biya kuɗin gobara.