Ƙaiƙayin fatar yara: a daina dirza, a shafa mai



Girbi ya wuce, hatsi ya shiga rumbu, iskar ɗari ta fara busawa. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu leɓe yana tsagewa, ƙafa tana faso, fatar yara tana yin fari kamar an barbaɗa musu toka. A wannan lokaci ne wani ciwon fata ke tashi, wanda likita ke ce ma egzema, wasunmu kuma suna ce mishi kirci. A kansa nike son mu yi magana yau, domin na ga yadda muke ƙara ma ɗiyanmu wahala alhali muna neman yi musu magani.

Bara na je wani ƙauye na jihar Maradi duba rumbun tsimi. Na iske wani yaro ɗan shekara 4 zaune shi kaɗai, sauran yara suna wasa nesa da shi. Bayan gwiwoyinsa da lanƙwasar hannuwansa sun yi kauri, sun yi baƙi, ya sosa har jini ya fito. Uwarsa ta ce mini kullum sau 3 take yi mishi wanka da ruwan zafi da soso da garin sabunin wanki, don mutane na cewa ƙazanta ce. Kishiyarta kuma ta hana ɗiyanta kwana tabarma guda da shi. Matar nan tana son ɗanta ƙwarai. Amma wankan da take yi mishi shi ne ke hura ciwon.

Ku dubi rumbunku na ƙasa. In yaɓensa yana da kyau, ruwa ba ya shiga, ƙwari ba su shiga. Haka fatar mutum take. A samanta akwai wani siririn yaɓe na maiƙo wanda ido ba ya gani. Shi ke riƙe damshin jiki a ciki, shi ke tare ƙura da ƙwayoyin cuta a waje. Mai wannan ciwo yaɓensa ba ya da ƙarfi. Damshi ya fita, fata ta bushe, ta yi ƙaiƙayi. Yaro ya sosa, fata ta ƙara tsagewa, ƙaiƙayi ya ƙaru. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, ta wannan tsaga ce ƙwayoyin cuta ke shiga har wurin ya yi mugunya.

Mi ke kawo shi? Na farko gado ne. Sau da yawa za ku tarar a gidan akwai mai irin wannan fata, ko mai ciwon asma, ko wanda ƙura ke sa shi atishawa da hawaye. Na biyu yanayi: iskar ɗari mai busar da komi, da gumin bazara. Na uku abin da ke taɓa jiki: sabuni mai ƙarfi, ruwan zafi, turare, rigar leda, ƙaiƙayin hatsi lokacin sussuka. Ga jinjiri ya fi fitowa a kumatu. Ga yaro mai wayo ya fi son bayan gwiwa, lanƙwasar hannu da wuya. Yakan lafa ya sake tashi, kuma yara da yawa suna samun sauƙi in sun girma.

Ku riƙe wannan da kyau: egzema ba ya yaɗuwa. Ba a ɗaukar shi a tabarma, ko a ƙwaryar fura, ko wurin wasa. Ba sammu ba ne, ba kuma laifin uwa ba ne. Wanda ake ɗauka shi ne ƙazuwa. Ita wani ƙanƙanen ƙwaro ne ke kawo ta, mai haƙa rami cikin fata. Tana fitowa tsakanin yatsu, a wuyan hannu da ƙugu, ƙaiƙayinta ya fi tsanani da dare, kuma za ku ga mutum 2 ko 3 a gida guda suna susa. Ita sai an yi ma duk gidan magani rana guda, a wanke tufafi da shimfiɗa. Makero kuma zagaye yake yi kamar zobe, shi ma ana ɗaukar shi. Ciwo uku ne, maganinsu uku ne. Wanda ya haɗa su ya yi asarar kuɗinsa.

Ra'ayina shi ne, fatar da ta yi rauni lallashi take so. Ga abin da kowace uwa ke iya yi ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba.

1. Wanka sau 1 a yini ya isa, da ruwa mai ɗan ɗumi, kada ya wuce minti 5 zuwa 10. A ajiye soso, tafin hannu ya wadatar.

2. Sabuni kaɗan, maras turare, a hammata da matsematsi kawai. Garin sabunin wanki na tufafi ne. Shi da sabunin toka mai zafi da kanwa suna wanke maiƙon fata kamar yadda suke wanke maiƙon tukunya.

3. Bayan wanka a dafa jiki da zane mai laushi, kada a goge. Tun jiki bai gama bushewa ba a shafa mai. Kun san in aka rufe gindin shuka da kara bayan ban ruwa, laima ta fi daɗewa. Aikin da mai ke yi ke nan.

4. A shafa man aƙalla sau 2 a yini, safe da dare, ko da fata ta yi kyau. Man kaɗe tsantsa, irin wanda ake kawowa daga wajen Gaya, yana da kyau. Farin basilin maras turare shi ma yana da kyau. A fara gwada shi a ɗan wuri kwana 2 kafin a shafe jiki duka.

5. A yanke ma yaro akaifa kowane mako. In ƙaiƙayi ya taso da dare, a ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan randa.

6. A sa mishi rigar auduga mai sakewa. A ɗauraye tufafinsa sosai har kumfa ta ƙare. Ranar sussuka da shiƙa a nisantar da shi daga masussuka.

Wani zai ce mini: ai duk abin da ya fito daga ƙasa ba ya cutarwa. Ina girmama sanin kakanninmu, man kaɗen ma daga wurinsu muka gaje shi. Amma barkono ma daga ƙasa ya fito, ba wanda ke sa shi a ido. Lemun tsami da tafarnuwa da toka suna ƙona fatar da ta tsage. A shekarar 2013 wani bincike a Ingila ya nuna man zaitun yana rage ƙarfin yaɓen fata in ana shafa shi kullum. A shekarar 2003, can dai Ingila, an gano jarirai masu ƙuraje da aka shafa ma man shafawa mai man gujiya a ciki sun fi yawan zama masu rashin jituwa da gujiya daga baya. Saboda haka man gujiya a bar shi a tukunya.

Kada kuma a hana yaro ƙwai ko nono ko kifi don wani ya ce su ke kawo ƙaiƙayi. In kun lura wani abinci yana tada mishi ciwon, ku faɗa ma likita. Yaron da aka rage ma cimaka, tamowa ke jiran shi, ita kuwa ta fi ƙaiƙayi haɗari.

Sai maganar man shafawa na kwali da masu talla ke yawo da shi ran kasuwa. Da yawa daga cikinsu akwai magani mai ƙarfi ƙwarai a ciki, irin wanda ake sa ma man canza launin fata. Kwana 3 ƙaiƙayi ya kwanta, uwa ta yi murna, ta ci gaba da shafawa wata da watanni. Sai fata ta yi siriri, ta yi dabbare-dabbare, ran da aka daina ciwon ya dawo da ƙarfi. In kuwa makero ne, sai ya ƙara faɗi. Likita ma yana ba da dangin wannan magani, kuma yana da amfani. Bambancin shi ne ya san ƙarfin da ya dace da yaro, da wurin da za a shafa, da kwanakin da za a yi. In shi ya rubuta, ku shafa ba tsoro.

Mu manya ma abin ya shafe mu. Masu noman rani a Galmi da Jiratawa da sauran fadamu, hannunku kullum cikin ruwa da taki. Takin zamani, maganin ƙwari, garin da ake cuɗa iri da shi, siminti da gazuwal duk suna cin fatar hannu. Ku sa safar hannu ta roba, ku ɗebi taki da gwangwani, ku wanke hannu da an gama, ku shafa mai kafin barci. Mata ma haka bayan wanki da wanke-wanke.

Ku kai yaro gidan likita ba jinkiri in wurin yana fidda ruwa ko mugunya, in ya yi ɓawo ruwan ɗorawa, in ƙananan ƙuraje masu ruwa sun feso gaba ɗaya, in jikinsa ya yi zafi, ko in ƙaiƙayi ya hana shi barci. In fata tana saɓulewa kuma ƙafafu sun kumbura, wannan alamar tamowa ce, a tafi ranar nan. In kun yi mako 2 kuna shafa mai ba sauƙi, shi ma ku je.

Yaron can na ƙauye, uwarsa ta kai shi likita, aka ba shi magani na ƴan kwanaki. Ta ajiye soso, ta kama man kaɗe safe da dare. Da na koma bayan wata guda, na iske shi yana tura gare tare da ɗiyan kishiyar. Ciwon bai rabu da shi kwata-kwata ba, amma yana barci, uwarsa ma tana barci.

Ku da Allah ya ba ku karatu, ku karanta ma matan gida wannan takarda, ku kai ta fada da bakin rijiya. In kun ga yaron da aka ware saboda fatarsa, ku zaunar da shi kusa da ku kowa ya gani.

Allah ya ba mu lafiya, ya kai mu damina mai albarka.