Kansar Jinin Da Aka Samo Maganinta A Cikin Guba

Lokacin da likita Leif Hillestad ɗan ƙasar Norway ya fara bayanin kansar jinin da ake kira APL a 1957, ciwo ne mai kai mutum kushewa cikin 'yan makonni. Fararen ƙwayoyin jini ne ke tsayawa cak a cikin ɓargo ba su ƙosa ba, sannan su hana jini daskarewa. Majiyyaci ya yi ta haɓo, dasashi na tsatstsafo da jini, fata ta cika da tabo kamar wanda aka lakaɗa wa duka.

Sauyi ya zo ne daga ƙasar Sin. A tsakiyar shekarun 1980, Farfesa Wang Zhenyi na birnin Shanghai ya bai wa wata yarinya 'yar shekara 5 da ke bakin mutuwa maganin ATRA, dangin bitamin A. Maimakon ya kashe gurɓatattun ƙwayoyin, maganin yana tilasta musu su ƙarasa girma ne. Yarinyar ta miƙe. Tun kafin nan, likitocin birnin Harbin sun lura cewa asenik, gubar da aka daɗe ana tsoro, yana taɓa wannan ciwo.

A 2013 masu bincike a Italiya da Jamus suka fitar da sakamakon haɗa magungunan biyu ga waɗanda ciwon bai yi wa tsanani sosai ba. Bayan shekara biyu, kashi 97 cikin 100 suna raye ba tare da wata matsala ba, alhali waɗanda aka haɗa wa ATRA da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, kashi 86 ne.

Amma inda gizo ke saƙar shi ne kwanakin farko. Ko a Suwidin, kashi 29 cikin 100 na waɗanda suka kamu tsakanin 1997 da 2006 sun rasu cikin wata guda da gano ciwon, kuma zubar jini ne kan gaba a cikin dalilan. Shi ya sa ƙwararru suka ce da zarar an yi zargin APL, a fara ATRA tun sakamakon gwaji bai fito ba.

Magungunan biyu suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Wajibi ne asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato da Maiduguri su ajiye ATRA a kantin maganinsu kullum, su tanadi jinin ƙari, su kuma horar da likitocin sashen gaggawa su duba jini a madubin awo ranar da mai haɓo da zazzaɓi ya iso.