Ba son jiki ba ne, hannunta ne ke tsagewa

Ƙanwata tana da asma tun tana ƙarama, fatarta kuma ko turare mai ƙarfi ba ta ɗauka. Wata uku da tarewarta na kai mata ziyara, na iske ta a bakin baho, hannuwa sun yi jajir, tsakanin yatsu ya tsattsage yana tsattsafo da ruwa. Ta ce: "Yaya, wallahi sai na sosa ya yi jini sannan barci ke ɗaukata." Da ta roƙi a sama mata mai wanki, dangin miji suka ce son jiki ne irin na 'yan boko. Wata tsohuwa ma cewa ta yi jifa ne.

Jifan yana cikin leda! Garin sabulun nan ne da ake aunawa da gwangwani a kasuwa, ba suna, ba lambar hukumar NAFDAC, ba ko layi ɗaya da ke faɗin abin da aka zuba a ciki. Ga kuma sabulun ruwa da kowa ke damawa a tsakar gida da kostik soda, a ɗura a gorar lemo, a cika shi da kala da ƙamshi don ya ja ido. Aikin sabulu cire maiƙo ne, bai kuma san bambancin maiƙon miya da wanda ke kare fatar mutum ba. Mai asma, mai atishawar ƙura, mai ƙaiƙayin gado, da yawansu dama fatar tasu ba ta riƙe danshi. Hunturu ya shigo, sai abin ya zama gaba kura baya siyaki.

Tun 2004 Tarayyar Turai ta yi dokar da ta tilasta rubuta sinadaran ƙamshi masu tayar da borin jiki a jikin kwalin sabulun wanki. Mu nan kumfa kawai muke tambaya. Kuma saboda tsadar ruwan 'yan garuwa, ɗauraya ɗaya ake yi wa kaya, har da na jarirai, sabulun ya bushe a jikin zane ya kwana yana cin fata. In ƙuraje sun feso sai a ruga kemis a sayo man shafawa mai sitiroyid, a yi ta lafta shi wata da watanni har fatar ta yi siriri.

Likitan fata da muka gani bai yi dogon bayani ba: sabulu marar ƙamshi, ɗauraya biyu, safar roba, a shafa basilin da zarar an tsame hannu. Sati uku hannun ya lafa. Cikin masu cewa son jiki ne, har yau babu wanda ya buɗe baki ya ce mata sannu.