Kyanwa da ƙwaryar nono

Ran Talata wata yarinya ta ajinmu ta zo lakwal idanunta sun yi ja. Na tambaye ta abin da ya faru. Ta ce: "Malam, kyanwarmu ce ta goga kanta ga ƙwaryar nonon inna, ƙwarya ta kife, nono ya zube. Wana ya ɗauki muciya ya buge ta, yanzu ɗingishi take yi." Sai wani yaro daga bancin baya ya ce ai daidai ke nan, kyanwa ɓarauniya ce, gogar nan da take yi duk dabarar sata ce. Rabin aji suka goyi bayansa.

Ni ban goyi bayansa ba. Ga dalilina.

Yara, kowa a cikinku ya taɓa ganin wannan abu. Kyanwa, wadda waɗansu ke kira mage, waɗansu kuma mussa, takan zo ta shafa kuncinta ga ƙafar kujera, ko bakin ƙyaure, ko gindin turmi. Ta fara daga gefen baki, ta ja har kusa da kunne, idanunta a lumshe. Wani lokaci ƙafar mutum take yi wa haka. Ba ƙaiƙayi ne ya dame ta ba, ba kuma neman ɓarna take yi ba. Rubutu take yi.

A ƙarƙashin fatar fuskarta akwai waɗansu ƴan ƙananan maɓuɓɓugai: a kumatu, a haɓa, a gefen leɓe, da wurin nan tsakanin ido da kunne inda gashinta ba shi da yawa. Suna fitar da wani ɗan maiƙo mai ƙanshi wanda masana ke kira feromon. Hancinmu ba ya jin sa ko kaɗan. Hancin kyanwa kuwa ya fi namu nesa ba kusa ba. Bayan hanci ma tana da wata ƴar hanya a dasashin bakinta na sama, bayan haƙoran gaba, wadda take ɗanɗana ƙanshi da ita. Shi ya sa wani lokaci za ku ga ta sunsuni abu, ta ɗaga kai, ta bar baki a buɗe kamar mai mamaki. Karatu take yi a lokacin.

Ku tuna ranar da kuka samu sabon kaye. Mene ne abin da kuka fara yi? Kowa ya rubuta sunansa a bango. Makiyayi ma yakan yi wa raƙuminsa shaida don ya gane shi cikin garke. Kyanwa ba ta da alli, ba ta da alƙalami. Fuskarta ce alƙalaminta. In ta goga wa abu ƙanshinta, ta koma ta sunsuna, sai ta san cewa wannan wuri sananne ne, babu abin tsoro a nan. Don haka ne in baba ya sayo sabuwar tabarma daga kasuwa, kyanwa ce ta farko da za ta je kanta. In kuma aka wanke abin da ta saba gogawa, to an share mata rubutu, dole ta sake.

Wani likitan dabbobi ɗan ƙasar Faransa, Patrick Pageat, ya yi bincike a kan wannan maiƙo, ya raba shi kashi 5. Kashi ɗaya shi ne take shafa wa kayan gida, wani kuma shi take shafa wa mutane da dabbobin da ta yarda da su. A shekarun 1990 har aka haɗa irin na farkon a masana'anta, ana sayar da shi da sunan Feliway, a fesa a ɗaki don hankalin kyanwa ya kwanta. Mu ba mu da bukatar sayensa, amma akwai darasi a ciki. Masu binciken sun lura cewa inda kyanwa ta goga fuskarta, da wuya ta yi wa wurin fitsari. Kyanwar da ke cikin tsoro kuwa takan rage guga, ta koma sa shaida da fitsari da karce. To, ku gaya mini: wanne ya fi, ƙanshin da ba ma ji, ko zarni a jikin katifa? Wanda ya ɗauki muciya bai hana kyanwa sa shaida ba, sai dai ya tura ta ga shaidar da ta fi muni.

Akwai kuma wata hasara. Kyanwar da aka cika bugu barin gida take yi. Na ga haka a gidanmu ina yaro. Aka yi ta korar wata farar kyanwa har ta koma maƙwabta. Ba a yi wata biyu ba kusa suka huda buhun wake, suka shiga rumbu, da dare muna jin gudunsu a rufin ɗaki. Wanda ya fi kowa korar ta shi ya je roƙon ɗan kyanwa a wata unguwa. Ba na faɗin sunansa, don har yanzu yana jin kunyar zancen.

Wannan zama na mutum da kyanwa daɗaɗɗe ne, kuma hatsi ne ya ƙulla shi. Kakarta ita ce kyanwar daji, irin wadda har yau ake samu a dazuzzukan Sahel. Wajen shekara 10,000 da suka wuce, a Gabas ta Tsakiya, mutane suka fara noma suna ajiyar hatsi. Hatsi ya jawo kusa, kusa suka jawo kyanwa. A shekarar 2004 masana suka ba da labarin wani kabari a tsibirin Kuburus, mai shekara wajen 9,500, inda aka binne mutum da kyanwa kusa da juna. Tun daga wancan zamani aikinta bai sake ba: tsaron rumbu, ba albashi.

Amma kada ku je gida ku ce Malam ya ce a bar kyanwa ta yi abin da ta ga dama. Ban ce ba. Inna tana da gaskiya da ta yi fushi. Nono kuɗi ne, wahala ce. Bakin da ya kama kusu da dare, ya ci ƙadangare da rana, bai kamata ya taɓa bakin randa ko akushin tuwo ba. Kyanwa marar lafiya tana iya sa wa yaro makero. Abin da nake cewa shi ne, a raba ta da kayan ci da sha ta hanyar da take ganewa.

Abu na farko namu ne, ba nata ba. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙwaryar nono wurinta ragaya, ba ƙasa ba. Randa a rufe ta da faifai, a ɗora ɗan dutse. Kwanonin da aka wanke a kife su a wuri mai tsawo. Abin da kyanwa ba ta kai gare shi ba, ba ta kifar da shi.

Sannan a ba ta nata wurin. Ku samu gungume ko guntun icce, ku kafa shi kusa da ƙofar ɗaki, inda take yawan wucewa. Ku ɗauki tsumma mai tsabta, ku shafa kuncinta a hankali, ku goga shi ga iccen daidai tsawon kanta. Ku yi haka kwanaki. In ta ji ƙanshinta a can, sau da yawa can za ta riƙa komawa, kuma ta samu abin wasa farce. In kun gan ta ta nufi wurin girki, ku ɗauke ta ba tsawa, ku ajiye ta wajen iccenta. Abincinta ma a ba ta nesa da murhu, don kyanwar da aka saba jefa wa loma a gindin tukunya ba za ta bar gindin tukunya ba, kuma ba laifinta ba ne. Yawancin kyanwoyi ba sa son ƙanshin lemu, saboda haka ɓawon lemun tsami a kusa da randa yana taimako. Kada a shafa kananzir ko maganin ƙwari, don za ta lashi jikinta ta sha guba. Ruwan jabel kuwa, abin mamaki, jawo waɗansunsu yake yi. Sabulu da ruwa sun isa.

In ta goga muku ƙafa, ta sa ku cikin nata ke nan. Ku shafa ta in kuna so, amma ku wanke hannu kafin ku ci abinci. Kyanwar da ba ku sani ba kada ku kama ta. In ta ciji mutum ko ta yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a tafi asibiti ba jinkiri, don ciwon haukan kare yana kama kyanwa ita ma.

Akwai gugar da ba ta lafiya ba ce. In kun ga tana ta susar kunne ɗaya, tana kaɗa kai, ko gashin fuskarta yana zuba, ko ta dafe goshi ga bango ta tsaya cik ba motsi, wannan ba rubutu ba ne, ciwo ne. A gaya wa manya su nuna ta ga ma'aikacin kiwo.

Ga aikin wannan mako. Duk mai kyanwa a gida ya lura da ita kwana uku, ya rubuta a kayensa abubuwan da ta goga wa fuska, da lokacin da ta yi. Ran Litinin za mu jera su a allo, mu ga ko bakin ƙyaure ne zai zo na ɗaya ko ƙafar inna.