Ciwon Damuwa Ba Ragwanci Ba Ne: Martani

Wani marubuci ya fito a jarida yana cewa ciwon damuwa ragwanci ne da rashin tawakkali, wai babu ruwansa da lafiyar jiki. Malam ya yi kuskure babba, kuma kuskuren na iya cutar da marasa lafiya.

Ƙwaƙwalwa kusan kashi 2 cikin 100 ce ta nauyin jiki, amma tana cinye kusan kashi 20 na kuzarinsa. Idan sukari ya daɗe yana hauhawa, ga hawan jini da ƙiba, ƙananan jijiyoyin da ke kai mata jini suna lalacewa. Sai a ga dattijon ɗan kasuwa da ya saba lissafi da ka yana ƙirga canji sau uku, ya daina zuwa majalisa, barci ya ƙaurace masa. Nazarin da mujallar Diabetes Care ta buga a 2001 ya nuna masu ciwon sukari sun ninka sauran mutane wajen yiwuwar kamuwa da ciwon damuwa. A 2020 kwamitin mujallar Lancet ya saka cututtukan biyu cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin cutar mantuwa.

Iyalan irin wannan dattijo su kai shi asibiti a auna sukarinsa da jininsa, a kuma gaya wa likita halin da zuciyarsa ke ciki.