Zubar da Ciki: Dokoki Sun Sha Bamban, Ina Matsayinmu?

Tun ranar 24 ga Yuni, 2022, da Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncinta na 1973, kowace jiha a can ke tsara wa kanta dokar zubar da ciki. Maƙwabciyarmu Jamhuriyar Benin kuwa ta halatta shi a 2021 har zuwa mako 12, bisa wasu dalilai. Irin waɗannan labarai na iske ɗalibanmu na jami'ar Aliero ta waya, don haka wajibi ne mu san namu hukuncin.

A Arewacin Nijeriya, Final Kod ta tanadi ɗaurin da ka iya kai shekara 14, sai fa idan an yi shi domin ceton ran uwa. Mashhurin ra'ayin Malikiyya ya hana shi tun farkon shigar ciki, malamai kuma sun haɗu a kan haramcinsa bayan kwana 120, lokacin busa rai. Duk da haka, sun yi rangwame idan ran uwa na cikin haɗari.

Saboda haka, magidantan Jega da Maiyama, mai juna biyu da ke zubar da jini ko jijjiga, asibiti za mu kai ta nan take. Kada kunya ko tsoron doka su sa mu jinkirta, ko mu koma wa mai kemis. Allah Ya kare matanmu.