GINI SAI DA MAI GYARA: KIRA DAGA MAHUTA

A hutun bara na sauka Mahuta, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Fakai a ƙasar Zuru, na kuma kai ziyara wata makarantar firamare ta ƙauye inda wani abokina yake koyarwa. Na tarar iskar farkon damina ta yaye fallen kwano biyu daga rufin wani aji. Aiki ne da kafinta ɗaya, da guduma da 'yan ƙusoshi, zai gama kafin azahar. Hedimasta ya rubuta takarda zuwa ofis, aka ce a dakata. Sa'ad da na koma bayan kaka, sai na iske ruwa ya jiƙa silin har ya rufto, katakon rufi ya ruɓe, gara ta samu abinci, bango kuma ya tsage tun daga taga har ƙasa. An gwama yaran aji biyu a ɗaki ɗaya, sauran suna gindin bishiya. Yanzu kuwa maganar da ake yi ita ce ta ba da kwangilar sabon gini.

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da ku matasan ma'aikata, wannan ƙaramin labari shi ya sa na ɗauki alƙalami. A ganina abin da ya kashe ajin nan shi ne rashin mutum guda wanda ya san gyara, aka kuma ɗora masa alhakin yinsa. Muddin ba mu horar da irin wannan mutum ba, muka kuma ba shi matsayi da albashi, to duk abin da gwamnati ta gina a Mahuta da ire-irenta, zuba ruwa ne a kwando.

Kakanninmu sun san wannan sarai. Maginin Hausa yana aiki da tubali da azara, ya shafe soro da laso, ya yi wa bango makuba, ya kafa indararo don kada ruwa ya kwanta a rufi. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka, maigida yakan tara iyalinsa a yi yaɓe. A ƙasar Zuru kuwa, inda samari suka saba da aikin gayya da golmo, babu mai jiran hukuma ta zo ta sabunta masa jinka ko ta liƙe masa rumbu. Yaro yana koyon wannan a gindin ubansa, kamar yadda yake koyon riƙon fartanya. Sana'ar tana da daraja har sarakuna suka yi mata sarauta, aka sami Sarkin Magina. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya wajen shekarun 1830, har yau ana karanta aikinsa a jami'o'i. Amma ko aikin gwani ba ya wuce bukatar kulawa, domin a watan Agusta 2023 wani sashe na masallacin nan ya rufta a kan masallata lokacin sallar La'asar, aka yi hasarar rayuka.

Da zamani ya sake, kayan gini suka sake. Siminti da bulo da rodi da kwano suka maye gurbin tubali da azara, musamman tun daga shekarar 1976 da aka soma shirin ilmin firamare kyauta, aka shiga gina azuzuwa a gaggauce a kowane lungu. To amma waɗannan kaya suna da nasu ilmi, wanda uba ba zai koya wa ɗansa a tsakar gida ba. Kankaren da aka saba yi, awo ɗaya ne na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Tilas a yi ta ba shi ruwa har kwana bakwai ko fiye, ba ya kuma kai cikakken ƙarfinsa sai bayan kwana 28. Yashi mai laka yana raunana shi. Rodin da bai nutse sosai cikin kankare ba yakan yi tsatsa, ya kumbura, ya fasa linta daga ciki. Katakon da ba a shafa wa maganin gara ba, kwanakinsa ƙidayayyu ne. Birkilan da bai san dalilin waɗannan ƙa'idodi ba, da wuya ya ƙi in ɗan kwangila ya ce masa ya rage siminti. Wanda yake zaton wannan ƙaramar magana ce, sai ya tuna da ranar 12 ga Yuli 2024, da ginin wata makaranta ya rufta a Jos ana cikin karatu, mutum 22 suka rasu.

Ba za a ce hukuma ba ta taɓa tunanin al'amarin ba. A 1971 aka kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wanda daga baya ya fito da shirin tura ɗalibai koyon aiki a wuraren sana'a. A 1977 aka kafa Hukumar Kula da Ilmin Fasaha ta Ƙasa a Kaduna. A 1982 aka soma tsarin 6-3-3-4, da nufin kowane yaro ya taɓa zarto da guduma tun yana ƙaramar sakandare, sai dai a makarantu da yawa injunan da aka sayo daga Turai sun tsufa a cikin akwatunansu, saboda babu lantarki, babu kuma malamin da ya san kansu. A 1992 aka kafa hukumar jarrabawar fasaha, watau NABTEB, mai ba da takardar shaida a aikin birkila da kankare, da kafinta, da aikin famfo, da fenti, da haɗa wutar lantarki. A cikin Jihar Kebbi kanta akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Zuru, akwai kuma Babbar Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi. Me ya sa ke nan fallen kwano biyu suka gagari gari guda?

Dalili na farko yana wuyanmu, mu 'yan boko. Mun ɗauka cewa amfanin ilmi shi ne mutum ya rabu da dauɗa, ya sami tebur da fanka. Yaron da ya yi ƙoƙari a jarrabawa sai a ce ya nufi jami'a, wanda ya gaza kuwa a ce a kai shi koyon sana'a, sai ka ce horo ake yi masa. Hatta wanda ya yi shekara biyu ya sami ƙaramar difloma, ya yi shekara guda a fagen aiki, ya ƙara biyu ya sami babbar difloma a fasahar gini, ya daɗe yana kukan ana fifita mai digiri a kansa wajen ɗauka da ƙarin girma. Sakamakon haka kowa ya gani: a manyan biranenmu, in ana neman mai shimfiɗa tayil ko mai ƙawata silin, sau da yawa sai a nemo mutanen Togo da Jamhuriyar Benin, alhali namu samari suna yawo da takardu a aljihu.

Dalili na biyu shi ne yadda ake koyarwar. Sana'ar hannu ba ta shiga ta kunne. Ɗalibin da ya shekara uku yana kwafar hoton bango daga allo, bai taɓa jera bulo ɗari a kan igiya ba, takarda kawai ya samu. Bugu da ƙari, akasarin darussan sun fi karkata ga sabon gini. Gane musabbabin tsagewar bango, da bin sawun yoyo, da sanin wane katako za a sake wane za a bari, wani fanni ne mai zaman kansa, kuma shi garuruwanmu suka fi bukata.

Dalili na uku shi ne wanda ba a son faɗa. Sabon gini yana da kwangila, yana da bikin buɗewa, yana da allo mai ɗauke da sunan mai girma. Gyaran rufi kuwa ba mai yanka masa kirtani, abin da za a lasa a cikinsa kuma kaɗan ne. Don haka akan bar ƙaramar ɓarna ta girma har ta isa kwangila. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. A nan kuwa ƙadangaren ne yake addu'ar bangon ya tsage.

Ga abin da nake ganin ya kamata a yi. Da fari, a mai da gine-ginen jama'a su zama ɗakin koyon aiki. Ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Zuru, watau Zuru da Fakai da Danko-Wasagu da Sakaba, su ƙulla yarjejeniya da kwalejojin fasaha, ta yadda kowane rani ɗaliban ajin ƙarshe za su fita tare da malamansu su gyara azuzuwa da ɗakunan shan magani da rumfunan kasuwa. Hukuma ta sayi kaya ta ciyar da su, kwaleji kuma ta ba su maki a kan aikin. Wannan ba baƙon abu ba ne a duniya. A Jamus, bisa dokar koyon sana'a ta 1969, mai koyo yana raba makonsa tsakanin makaranta da wurin aiki, ana kuma biyansa.

Na biyu, a buɗe ƙaramar cibiyar koyon sana'ar gini a Mahuta, ƙarƙashin kulawar ɗaya daga cikin kwalejojin nan, domin ba kowane manomi zai iya ɗaukar nauyin ɗansa a Birnin Kebbi ba. A buɗe ƙofarta ga birkiloli da kafintocin da suka koyi aiki a hannun iyayen gidansu, su zo da rani a gwada su, a cike musu abin da suka rasa, a ba su takardar shaida. Tsofaffin magina kuma a ɗauke su su koyar, gama akwai abin da suka sani game da ƙasar wurin da ruwanta wanda babu shi a littafi. Kada kuma a manta da 'yan mata, domin fenti da haɗa wuta da ƙididdigar kayan gini ba su gagare su ba.

Na uku, a ware wa gyara kasonsa a kasafin kuɗi, a kuma ɗauki ƙwararru aiki na dindindin. A watan Afrilu 2022 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Umarni na 11, wanda ya wajabta wa ma'aikatun tarayya kafa sashen kula da gine-ginensu. Babu abin da ya hana jiha da ƙaramar hukuma su kwaikwayi wannan. A sami littafi ga kowane gini, a duba rufi da magudanan ruwa kafin damina da bayanta, a kuma ba hedimasta ikon kashe ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ba sai ya jira sa hannun mutum goma ba.

Na san wani zai ce in an horar da su, Abuja za su gudu. Haƙiƙa wasu za su tafi, ba kuwa hasara ba ce, domin gara ɗan Mahuta ya shiga birni da sana'a da ya shiga da ƙoƙon bara. Amma wanda ya ga aiki tabbatacce a gida zai zauna, ga shi kuma tun da aka kafa Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a Zuru a 2020, gine-ginen da ke bukatar kulawa sai ƙaruwa suke yi. Wani kuma zai ce aikin ɗalibai ba abin dogara ba ne. Amsa ita ce a fara su da rufi da filasta da ƙofofi, malami yana tsaye a kansu, a bar wa injiniya abin da ya shafi harsashi da ginshiƙi. Mai cewa babu kuɗi kuwa, sai ya auna farashin fallen kwano biyu da na sabon aji.

A 2025 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta sanar da shirin karatu kyauta a kwalejojin fasaha, har da ɗan alawus na wata-wata. Wajibinmu ne mu kai wannan labari ƙauyukanmu, mu kuma sa ido mu ga an cika alkawari. Ƙungiyoyin ɗalibai 'yan ƙasar Zuru su zagaya a hutu mai zuwa, su rubuta kowane ginin jama'a da ke yoyo, su miƙa wa majalisar ƙaramar hukuma. Kai kuma sabon ma'aikaci, in takardar hedimasta ta iso teburinka, tuna cewa ruwan sama ba ya jiran fayil. In ƙanenka ya ce yana son aikin gini, kada ka yi masa dariya, ka kai shi inda zai koye shi da kyau. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba mu ikon gyarawa.